Katifar Fararen Ɓeraye

Ranar an kwana ana ruwa, gari ya waye a lumshe, ko'ina sai ɗigar indararo. Tsohon kafinta yana zaune a bakin shagonsa yana gyara haƙoran zarto, sai ga jikarsa ta faɗo, takalmi duk taɓo, da buhuna a ninke a hammata. Ita ce wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, inda ake kiwon fararen ɓeraye don bincike.

"...lafiya lau, ya ruwa? Au, ashe uwar ɓeraye ce. Ya 'ya'yan naki? An yaye na goye?"

"Suna gaishe ka, Tsoho. Sun ce in tambaye ka ina sauran haƙoranka, ko zarton ka ara wa."

"Ja'ira! Ni da na ɗauke ki kina majina. Me ya fito da amaryata cikin wannan laka? Na san dai ba kewata ba ce."

"Wa zai yi kewar miji mai warin gam? Dusar katako na zo nema. Rufin ɗakin ajiyarmu ya yi yoyo, duk wadda muke shimfiɗa musu ta jiƙe, mai kawo mana kuma motarsa ta maƙale. In suka kwana a danshi ciwo zai kama su, aikina na wata da watanni ya bi ruwa."

Tsoho ya ajiye zarto, ya tafa hannu.

"Jama'a ku zo ku ji! Tun ina saurayi nake yaƙi da ɓera. Ɓera ya ci mini hula, ya ci mini tabarma, akwai wanda ya taɓa jan guduma ta zuwa raminsa ina kallo. Yau ni za a sa in yi wa jikokinsa katifa!"

"Guduma fa? To ai wannan ba ɓera ba ne, mai binka bashin kujera ne."

"Kul! Wai ma tsaya. Duk karatun nan da kika yi har gashinki ya fara zubewa, ƙarshensa wankin kashin ɓera?"

"Da auna su a sikeli kowace safiya, da sa safar hannu kafin in taɓa su. Kai wa ya taɓa sa safa don ya gaisa da kai?"

"Su wane irin sarauta gare su?"

"Aiki suke yi, ba irin naka na zaman bakin shago ba. Rijiyoyin unguwar da ke bayan masana'antar fenti, ka san yaran wurin suna yawan kumburi. Rabin ɓerayena ruwan rijiyar suke sha, rabi ruwa mai tsabta. A ƙarshe mu duba ƙodarsu, mu ga ko ruwan ne."

 Tsoho ya san unguwar, ya sha kai ƙofofi can.

"Ruwa ba ya tsami banza," ya ce a hankali. Sai kuma ya murtuke fuska. "Ga dusa can a lungu, tuli guda. Kwashi ki ba ni wuri, kafin maƙwabta su ce na yi surukuta da ɓeraye."

Ta durƙusa ta ɗebo a tafin hannu, ta kai hanci. Ta sake shinshinawa, ta ɗago ta dube shi.

"Kaka, me ka fesa wa katakon nan?"

"Ni? Turare. Don zuwanki."

"Kaka."

Ya sosa ƙeya. "To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganin gara ne. Duk katakon da ya shigo lokacin damina sai na fesa masa."

Ta zubar da dusar, ta karkaɗe hannu, murya ta sauka. "Shi ke nan. In suka kwanta a kan wannan suka kamu, ba wanda zai san ko ruwan ne ko maganinka. Masu masana'anta su ce ƙarya muke yi. Sauran shagunan ma duk haka suke fesawa."

Ta fara ninke buhunanta. Tsoho ya dube ta, ya ga yadda ta cije leɓe irin na uwarta tana ƙarama. Ya miƙe da ƙyar, ya jawo benci, ya hau, ya sauko da wani farin katako daga saman rufi, busasshe, ba ko tabo.

"Wannan fa? Shinshina, tunda hancinki ya fi na kare."

Ta shinshina. "Wannan lafiya lau ne. Amma ai shi ne wanda ka ce za ka yi kujerar hutunka da shi."

"Wa ya ce miki na gaji? Ni da zan binne duk samarinki in sake aurenki."

"Kaka, katako guda za ka fere ya zama dusa?"

"Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ci goron sunanki, yau ga askin. Share ƙasan nan tas, ki shimfiɗa buhu, kada sabuwar dusar ta haɗu da waccan."

Ya ɗaure katakon a teburi, ya goge bakin abin ferewa da tsumma mai tsabta, ya shiga turawa. Farar dusa tana murɗewa tana zuba. Tela na shagon kusa ya leƙo, ya riƙe baki.

"Malam kafinta, lafiya? Kowa na fere katako ya zubar da dusa, kai kana tara dusa kana kashe katako?"

"Kai dai je ka ɗinka aljihu. Aikin jami'a muke yi ni da likita. Ka gan ta nan? Jikata ce. Ita za ta gano abin da ke kumbura yaran bayan masana'anta. Manyan malamai sai sun tambaye ta kafin su taɓa ɓera ɗaya."

"Ɗazu fa uwar ɓeraye ce ni," in ji ta.

"A gaban baƙo likita ce ke. Riƙe bakin buhun, malalaciya."

Da katakon ya koma kamar faifai, buhuna sun cika. Ta ɗaure su, ta tsaya tana dubansa yana haki, gumi har gemu.

"To na sallama, angona," ta ce tana dariya. "Yau ka ci gari. Babban cikin ɓerayen, mai ƙaton tumbi, ba ya komai sai ci da barci, zan sa masa sunanka."

"Sa masa. In ya gaji mai sunan, ko ruwan batir kika ba shi sai ya nemi ƙari."

Ɓerayen suna nan a kejinsu a kan busasshiyar shimfiɗa, binciken bai tsaya ba. Tsoho kuwa har yanzu a kan tsohon bencinsa yake zama.