Dada Ta Tafi Da Fuskar Baba Joseph

Da zuciya cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon allo, Jamil na unguwar Turaki yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman 'yan Kasuwar Jalingo masu tallan hajarsu a manhajarsa, rasuwar tsohuwar kwamfutarsa wadda kowa ya sani da Dada. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a ƙarƙashin teburin da ta ƙare rayuwarta, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya 'yar gwanjo ce, ko da ta iso Jalingo ba yarinya ba ce. Aikinta guda ne. Ɗan kasuwa ya ɗauki hoton doya ko atamfa ko busasshen kifi ya turo, hoto jibgege mai cinye datar mai saye kafin ya buɗe, sai Dada ta karɓa ta rage shi ya dawo kamar ɗan fasfo. Sauri kam ba ta da shi, wallahi ko kaɗan. Sai ta yi guuuu, ta yi ƙyat ƙyat ƙyat, ta yi shiru har mutum ya fid da rai, sannan hoto ya fito. Amma akwai riƙon amana. Duk hoton da ta rage, babbansa na asali yana ajiye a cikinta, ba ta taɓa zubar da na kowa ba.

Ciwon ajali ya fara ne da zuwan magajiyarta. 'Yan kasuwa sun yi yawa, ƙorafi ya ishi Jamil, sai ya koma wa sabuwar hanyar da ake yayi, mai rumbunan ajiya a garuruwa da dama ta intanet. Ita wannan sau ɗaya ake ba ta babban hoto. Duk wanda ya buɗe manhaja, nan take take yanka masa daidai girman wayarsa, ta miƙo daga rumbun da ya fi kusa da shi. Ba gurnani, ba jira. Sharaɗinta kawai a damƙa mata hotunan asali.

Haka Dada ta zauna tana miƙa dukiyarta ɗaya bayan ɗaya, ga zafin Jalingo, ga netwok mai zuwa da komawa, ga wuta da ake kawowa kamar ana ɗanɗana wa mutum gishiri. Jamil ya cire mata murfi, ya juya mata fankarsa shi ya zauna cikin gumi. Ta miƙa na 'yan atamfa, ta miƙa na 'yan kifi. Tana gab da layin 'yan doya ta yi wani tsiii mai tsawo, fitilarta ta mutu.

Da iyakar rashin ke nan, da Jamil ya yi kwana biyu yana jimami ya haƙura. To, amma a makon nan ne Allah ya yi wa Baba Joseph rasuwa, dattijon nan mai jar hula na layin 'yan doya. Mutum ne da ya tsani kyamara. Sau ɗaya tak ya yarda ya tsaya, ran da Jamil ya yi ta lallaɓarsa don a sa shi a manhaja, har ya yi dariya yana riƙe da doya kamar jariri. 'Yarsa Rejoice ta zo neman hoton nan, za a buga shi babba a ajiye a gaban coci ranar jana'iza. Jamil ya sa magajiya ta faɗaɗa ɗan ƙaramin hoton da ke cikin manhaja. Ta faɗaɗa nan take, ba musu, sai ga jar hula a kan wani dusu-dusu marar ido marar baki.

Rejoice ta daɗe tana kallo. "Oga Jamil, wannan ba babana ba ne," in ji ta. "Ni fuskan shi nake so. Jikokin shi za su zo daga Jos, wasu ba su taɓa ganin shi ba."

Jamil ya dubi ƙarƙashin tebur. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga gajiya har cikin ƙashi. Fuskar tana nan, taku ɗaya daga ƙafar yarinyar, a cikin Dada.

Marigayiya ta bar madannai da harafi ɗaya ya ɓalle, da batirin da ya kumbura, da fankar da ta yi jinyarta. Ta bar magajiya mai iya yanka kowane girma, wadda ba ta iya dawo da abin da ba a ba ta ba. Ta kuma bar Jamil, da tun Talata yake danna maɓallin kunnawa kamar bai san amsar ba.

Za a ɗauki gawa gobe Alhamis da safe a keke napep zuwa shagon Ismail mai gyara a bakin kasuwa, inda za a buɗe cikinta a ciro ma'ajiyarta, wato faifan da hotunan ke ciki. Ismail ya ce in ta juya, to. In ba ta juya ba, kada a tsaya masa a ka. Abin da ya rage na 'yan jari bola ne. Jana'izar Baba Joseph kuwa ranar Asabar ce a unguwar Kachalla Sembe.

Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da kawo komai. Sai dai ana roƙon duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a layin 'yan doya, ko na kansa ne ko na buhu, ya duba wayarsa da kyau, ko Allah zai sa wani tsoho mai jar hula ya gifta ta baya bai sani ba. Mai buga hoto zai daina karɓar aiki ranar Juma'a da la'asar.