Bindigar Baba da Ta Ƙi Tofar da Kwanso

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da yammacin da na tsaya a wani ɗan shago a unguwar Zongo, nan Kwatano, ina koya wa tsofaffi huɗu yadda bindiga take aiki. Har yau idan hanya ta biyo da ni ta layin, nakan ciro waya in kara a kunne kamar ana kirana.

Bindigar ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a kan hanyar Kwatano zuwa Malanbil ya yi ta, kuma idan ya sami hutu a arewa yakan shiga daji da abokansa. Ba wata babbar bindiga ba ce. Karabin ce siririya, irin wadda ake kira ashirin da biyu, harsashinta bai kai ƙaramin yatsa ba, ta harbin zabi da kurciya da gyazbi, wanda mutanen nan ke kira aguti. A gefenta akwai wani ƙarfe mai ɗan mariƙi da Baba ke kira sakata. Idan ka harba sai ka ɗaga sakatar ka ja baya, kwanson harsashin ya yi tsalle ya faɗi gefe, ka tura gaba sabo ya shiga.

Ni Baba bai taɓa zuwa da ni farauta ba. Yayana Musa yake ɗauka. Ni ne ɗan lakol, wato ɗan boko, wanda ake cewa kada ya ɓata hannunsa. Rabona da bindigar shi ne kallo: ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, idan yana gari, Baba zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗora ta a cinya, ya yi ta gogewa da wani tsohon tsumma yana sauraron rediyo. Ba ya magana, ni ma ba na yi. Wannan zaman shi ne hira mafi tsawo da muka taɓa yi da shi.

Da ya rasu, aka mayar da takardun bindigar da sunan Yaya Musa, tunda shi ke da gona a wajen Paraku, can arewa, kuma shi ya san daji. Ni aikina a biro ne, wato ofis, kusa da tashar jiragen ruwa, abu mafi haɗari da nake riƙewa shi ne hatimi. Amma na roƙe shi ya bar min ita na ɗan lokaci. Ya ce to. Ɗan lokacin nan sai da ya kai shekara uku.

Kuma na kula da ita, wannan kam ba mai ƙaryata ni. Wanda ya zauna Kwatano ya san iskar teku ba ta barin ƙarfe, ko makullin ƙofa ka yi sakaci da shi wata biyu sai ya yi ja. Saboda haka kowace Juma'a nakan rufe ɗaki in fito da ita daga bayan kabad. Ita kaɗai ce a gidanmu ba ta taɓa sanin tsatsa ba (babur ɗina yana waje yana ruɓewa, bai taɓa samun ko rabin wannan gatan ba).

Sai ga Yaya Musa ya zo sayen kayan gyaran injin ban-ruwa. Muna cin tuwo da rana ya ce, "Gyazbi sun gama min masara bana. Zan tafi da bindigar Baba."

Na ce, "Yaya, bindigar nan tana son kulawa. Kai kullum kana gona, yaushe za ka sami lokacinta?"

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa mai ban haushi. Ya ce, "To mu je gonar Kawu gobe mu gwada ta. Idan na ga ka fi ni iya riƙe ta, ka riƙe, in sayi tarko."

Washegari Lahadi muka naɗe ta a zane, ya sa takardun a aljihu, muka wuce Kalabi, nan bayan gari, zuwa gonar kawunmu. Muka jera gwangwanaye a jikin wani tudun ƙasa. Yaya ya ɗora ta a kafaɗa, kuma wallahi ta baya sai na ga kamar Baba ne, har yadda yake karkatar da wuya. Ya harba, gwangwani ya faɗi. Ya ɗaga sakata ya ja baya. Babu abin da ya fito.

Ya leƙa. Kwanson na nan a maƙale a ciki, ya yi zamansa. Ya tura sakatar ya sake ja, shiru. Sai da muka sami wani siririn ƙarfe muka zura ta bakin bindigar muka turo shi. Ya sake harbawa, ya sake maƙalewa. Sau biyar muna wannan aikin kamar masu sakace haƙori.

A nan ne ya kamata in yi shiru. Sai na ce harsasan ne marasa kyau. Ya ce irinsu Baba ke saye. Sai na ce, "To hannunka ne. Kana fizgar sakatar kamar kana cire rogo. Jiya lafiyarta ƙalau, ka karya mata wani abu."

Ya naɗe ta a zanen a hankali, ya ce, "Gobe mu kai wa Baba Idirisu."

Baba Idirisu aminin mahaifinmu ne, tare suka yi farauta shekara da shekaru. Sana'arsa gyaran keken ɗinki, rabin telolin Zongo da na Misebo shi ke riƙe da kekunansu. Kafin mu je, na ɓata safiyar Litinin a biro ina kallon bidiyon Turawa masu gyaran bindiga a waya. Kafin azahar na zama gwani. Na gano cewa a bakin sakatar akwai wata 'yar ƙugiya da ke kama gindin kwanso ta jawo shi, na haddace sunanta da Faransanci, na yanke hukunci cewa ita Yaya ya karya.

Bayan la'asar muka isa. Shagon ƙarami ne, kawunan kekuna jere a kan katako, ga tsofaffi uku a benci suna shan shayi, dukkansu sun san Baba. Aka gaisa, aka yi wa marigayi addu'a. Baba Idirisu ya karɓi bindigar da hannu biyu, ya fara buɗe ta ya tabbatar babu komai a ciki, sannan ya shafa katakon ya ce, "Kin tsufa, 'yar gari."

Ni kuwa ban bar shi ya numfasa ba. Na gyara tsayuwa na fara bayani. Na yi maganar ƙugiya, na yi maganar ƙarfin hannu, na jefa Faransanci inda Hausa ta isa. Na nuna da yatsa inda ya kamata ya duba (mutumin da ya fara taɓa bindigar nan tun kafin a yi min kaciya). Na rufe da cewa, "Shekara uku tana hannuna ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Kwana ɗaya a hannun manomi, ga sakamako."

Baba Idirisu ya zare sakatar. Ya juya ta a haske. Sai ya kai ta hanci ya sansana. Ya miƙa wa tsohon da ke kusa da shi, shi ma ya sansana, ya miƙa wa na gaba. Ina tsaye ina kallo sakatar tana zagaya benci kamar turare a kasuwa.

Ya ce, "Ɗana, wane mai kake sa mata?"

Na ce, "Wanda Baba ke sa mata. Man kaɗanya."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ajiye kofin shayinsa, kafaɗunsa suka fara rawa.

Baba Idirisu ya ce, "A katako yake shafawa, don kada ya tsage a zafin arewa. A katako kawai. Ƙarfen kuwa, man keke yake ɗiga masa, ɗigo biyu, daga wannan kwalbar." Ya nuna wata 'yar kwalba a kan teburinsa. Sannan ya ɗauki allura ya sa ƙarƙashin ƙugiyar, ya ciro wani baƙin abu mai danƙo kamar daddawa. Ya ce, "Ƙugiyarka ba ta karye ba. Ta ƙoshi ne, ta kasa motsi."

Dariyar da aka yi ba mai ƙarfi ba ce, irin ta manya ce, wadda ta fi ciwo. Na ce a raina shi ke nan, an gama, zan iya ɗaukar wannan. Ashe ba a fara ba.

Ya wanke sakatar da kananzir da tsohon buroshi, ya ajiye ta ta bushe. Sai ya haska 'yar tocila cikin ramin da harsashi ke shiga. Ya daɗe yana kallo. Ya sa farce ya shafa bakin ramin, ya kira Yaya Musa ya ce shi ma ya shafa. Akwai wani ɗan tudu a wurin, ƙarfen ya lotsa ya turo ciki.

Ya ce, "Wannan irin bindigar, allurarta mai tayar da harsashi, gefensa take duka. Idan babu harsashi, bakin ramin take duka. Sau ɗaya ko biyu ba komai. Wannan kuwa dukan shekaru ne. Shi ya sa idan kwanso ya kumbura bayan harbi yake kamawa a nan." Ya ɗago kai. "Musa, kai kake harba ta babu komai a ciki?"

Yaya ya ce, "Baba, rabona da taɓa ta tun ranar sadakar arba'in, sai jiya."

Duk idanu suka dawo kaina. Na so in ce ban sani ba. Na so in ce wataƙila tun zamanin marigayi ne, in ɗora wa mamaci. Allah Ya taimake ni ban yi wannan ba. Na ji bakina yana cewa, "Ni ne. Kowace Juma'a. Idan na gama goge ta sai in ja sakatar in danna kunamar, sau uku ko huɗu. Haka mahaifinmu yake yi idan ya gama. Ƙarar nake son ji."

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi min sauƙi. Ga ni, mai 'ya'ya biyu, da rigar biro da alƙalami a aljihu, ina gaya wa tsofaffi cewa ina kulle kaina a ɗaki ina wasa da bindigar babana.

Baba Idirisu ya jawo wani aljihun tebur ya laluba cikin tarkacen kusoshi, ya fito da wani tsohon kwanso da ya yi baƙi. Ya ce, "Irin wannan yake sakawa a ciki kafin ya danna, don allurar ta sami abin duka. Ba ka gani ba ne, kana zaune nesa." Ya ajiye kwanson a kan tebur. "Kuma kada ka ɗauka ubanka ya iya gyaranta. Harbi ya iya. Duk shekara nan yake kawo min ita, ya zauna inda kake tsaye yana ba ni shawarar da ban tambaya ba. A wannan kam kai ka gaje shi."

Ya ɗauki wani santsin ƙarfe ya yi ta murza tudun a hankali yana mayar da shi mazauninsa. Ya ce ba a goga masa zarto, abin da aka cire daga ƙarfe ba ya dawowa. Kafin magariba ya sa tsohon kwanson, ya ja sakata, kwanson ya yi tsalle ya faɗa kan benci. A hanya na ce wa Yaya ya yafe min maganar rogo. Ya ce, "Ai ina cire rogon, ba ƙarya ka yi ba." Ranar Laraba ya tafi da ita Paraku.

Juma'ar da ta biyo baya na dawo daga masallaci na rasa abin yi da hannuna. Na zauna a ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarmu, na ba ta labarin duka, don na san ko ban faɗa ba Zongo za ta faɗa mata. Tana tsince shinkafa tana saurare. Da na zo kan man kaɗanya ta ɗago ta ce, "Ashe kai ne. Shekara uku ina zargin matarka da kwashe min mai."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, can ta ce, "Ƙarar kuwa ina jin ta. Bangon nan ba shi da kauri. Da na ji ka rufe ƙofa nake kashe rediyo."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki taɓa yi min magana ba?"

Ta ce, "Da na yi magana ai da ka daina."



Abin da na koya bai da yawa. Idan kana kewar mutum, ka je ka zauna da waɗanda su ma suke kewarsa, ka bar kayansa su huta. Idan kuma wani abu ya lalace a hannunka, kafin ka nemi mai laifi a gaban jama'a, ka fara sansana shi kai kaɗai a gida.