Ranar da Aka Yi Mini Ruƙiyya Saboda Faifan Mai Akuya

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin nan da aka danne ni a tsakar falona, a unguwar Tremont ta birnin New York, ana tambayar aljanin jikina sunansa. Ni fa, magidanci mai tumbi da furfura a gemu, direban tasi da ya san lungunan Bronx kamar yunwar cikinsa. Laifina ɗaya ne a duniya: Allah Ya ba ni kunne.

Akwai wani kiɗa da Turawa ke kira saikadelik fok. Kada sunan ya tsorata ka. Kiɗan ƙauyen Turawa ne, jita da sarewa da 'yar ƙararrawa, amma kamar an jiƙa shi a mafarkin mai zazzaɓi sannan aka shanya. Na gamu da shi ne ta hannun wani tsohon Bature mai gashi har kafaɗa, wanda na kwashe wa kaya ranar da zai koma gidan 'yarsa da zama. 'Yar ta ce tarkacensa ba zai shiga gidanta ba, shi kuwa ya dube ni ya ce na yi masa kama da mai hankali (ya iya kallon mutane, Allah Ya sani), ya bar mini garmaho da kwali guda na faya-fayai.

Sunayen mawaƙan ba su zauna mini a baki ba, sai na raɗa wa faya-fayan nawa suna daga hoton bangonsu. Akwai Mai Kogi, wanda nake sawa idan fasinjoji sun ɓata mini rai. Akwai Mai Ido Uku, wata mata ce da ido a goshi tana riƙe da fitila. Amma sarkinsu shi ne Mai Akuya: akuya fara, an ɗora mata furanni a ka, tana kallonka kamar ta san asirinka. Gefensa na biyu waƙa ɗaya ce tal, minti goma sha takwas. Da ƙarar ruwa take farawa, sai wani abu mai kukan goge ya shigo, sai muryar mace ta taso ba kalma ko ɗaya, maza na amsa mata daga nesa kamar daga cikin rijiya. Wallahi in ka ji shi da kunnen basira, sai ka yafe wa duk wanda ya taɓa yi maka laifi, har da masu cin tararmu kan fakin mota.

Kowace Lahadi bayan azahar nakan shige ƙaramin ɗakinmu, in ja labule, in kunna turaren tsinke, in zauna a ƙasa. Idanuna su rufe, jikina ya kama rangaji, in riƙa bin muryar matar nan da gunji. Wani lokacin har hawaye. Matata Binta ta saba, cewa take yi wasu mazan ƙwallo suke kallo, nata mijin kuma da akuya yake hira.

To, sai Binta ta haihu, mahaifiyarta Hajiya ta zo daga gida don wankan jego. Ka san tsakanin mutum da surukarsa. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, shi ke nan hirar yini ta ƙare. Ba ta tambayata komai, ba na yi mata bayanin komai. Ashe Lahadi uku a jere tana leƙena ta tsagar ƙofa. Ita kuwa Hajiya ta tashi a garin da ake bori a bayan gidansu, ta san goge, ta san turare, ta san yadda jikin mutum ke yi idan an hau kansa.

Alamu sun bayyana, ni ne dai ban karanta ba. Na ga ana turara ɗakina da habbatus sauda safe da yamma, na ce lallai Hajiya ta fara ji da ni. Na ji shayina ya canza ɗanɗano, yana ɗan baƙi-baƙi, na ce wata hikimar tsofaffi ce ta ƙarin lafiya (rubutu nake sha, sati biyu cur). Har na yi wa abokaina a tashar tasi alfahari cewa duk New York babu surukin da ake tattali kamata.

Ranar da abin zai faru, na kai fasinja filin jirgi da safe, na dawo ina fito. Sai na tarar da takalman maza a ƙofa. Ina shiga na ga Malam Isufu, mutumin Nijar mai sayar da turare da huluna a Fordham Road, wanda kowa ke kira idan an yi gamo. Gefensa Alhaji Ɗanladi ɗan Kumasi, maƙwabcinmu mai aikin gadi, mutumin da sai ya karkace yake shiga lif. Ga faya-fayaina an baje a kan tabarma kamar kayan da aka kama a hannun ɓarawo. Akuyar nan tana tsakiya, tana kallon kowa.

Daga bayan labulen kicin muryar Hajiya ta fito, ba da ni take ba, da Binta take, amma har hawa na biyar an ji:

"Ki gaya wa maigidan naki, ko kayan nan su bar gidan nan yau, ko ni da ke da jaririyar mu koma gidan yayanki a unguwar Morrisania."

"Inna, na ce miki kiɗa ne kawai."

"Su ma na bayan gidanmu kiɗa ne kawai, har ranar da iskar maƙwabciyarmu Ta-Sallah ta tashi, ta haye kan rumbu."

Mai hankali a nan zai durƙusa ya ba da haƙuri, ya nemi a zauna a yi magana. Ni kuwa sai na ji daɗi. Shekara biyar ina neman wanda zai zauna ya saurari Mai Akuya, yau ga manyan mutane har gida! Na gyara hula na ce, "Malam, Allah gafarta, a ba ni minti kaɗan. In kun ji shi da kunnenku, ku da kanku za ku nemi in ara muku."

Malam Isufu ya ja carbi, ya ɗan taɓa Faransanci ya ce, "Bon. Sa mu ji."

Na ɗauko garmaho daga ƙaramin ɗaki, na goge faifan da gefen riga, na ɗora allura a gefe na biyu, na zauna na harɗe kamar alƙali. Na yi wa kaina alkawari ko gira ba zan motsa ba. Ƙarar ruwa ta wuce lafiya. Da gogen ya shigo, babban yatsan ƙafata ya ci amanata. Da matar ta taso, na ce bari in ɗan lumshe ido na daƙiƙa ɗaya. Daga nan ban san inda kaina ya tafi ba. An ce wuyana ya riƙa juyawa, an ce na ɗaga hannuwa sama ina kaɗa yatsu. Akwai kuma wani wuri, wajen minti na shida, da matar ke ƙwalla wata ƙara siririya, wurin da ban taɓa barinta ta yi ita kaɗai ba. Ranar ma ban bar ta ba.

"Ya hau! Ku riƙe shi!" in ji Hajiya.

Kafin in buɗe ido Alhaji Ɗanladi ya kifa ni, ya zauna a gadon bayana. Ban taɓa sanin haƙarƙarina nawa ba ne sai ranar, don kowanne sai da ya gaishe ni. Malam ya feso mini ruwan tofi a fuska, ya kama babban yatsana ya murɗe.

"Wane ne kai?"

"Ni ne mana, Malam!"

"Haka suke cewa," in ji Hajiya daga kicin.

"Daga ina ka fito?"

"Daga filin jirgi, wallahi! Fasinja na kai!"

"Kai, massa, aljanin ma direba ne," in ji Alhaji Ɗanladi da salon maganar 'yan Kumasi, ya ƙara gyara zama.

Ta ƙarƙashin labule na hango Binta zaune a ƙasa, jaririya a kafaɗa, ta cusa bakin zani a baki, jikinta na girgiza. Na ɗauka kuka take yi mini. Daga baya na gane dariya ce ta hana ta tashi ta cece ni.

Malam ya yi karatu ya yi karatu, ba wanda ya yi magana a bakina sai ni, ni ma roƙon numfashi nake yi. Sai ya ɗaga hannu a yi shiru. Faifan bai tsaya ba duk wannan lokaci. Ya karkata kai ya saurara. Sarewa ta shigo ta fita. Mazan cikin rijiya suka amsa, suka sake amsawa. Aka yi minti biyu babu komai sai ƙararrawa guda, tin, can an jima, tin. Na ji nauyin Alhaji ya ƙaru a bayana, ashe gyangyaɗi ya fara. Da allura ta kai ƙarshe, Malam ya ce, "Ya ƙare?"

Na ce daga ƙasa, "Akwai ɗaya gefen."

"A'a! A'a, ya isa." Ya juya wajen labule. "Hajiya, shekara talatin ina wannan aiki, daga garin Tawa har nan. Mutanen ɓoye kiɗa mai zafi suke so, wanda ke tsuma jiki. Babu aljanin da zai zauna ya ji wannan abu har ƙarshe. Ko da akwai wani a gidan nan, to ya tattara ya bar unguwar tun wajen ƙararrawar nan. Surukinki lafiyarsa ƙalau. Kunnensa ne dai, shi kuma sai addu'a. Ki bar masa kayansa, tsari ne ma ga gidan."

Haka faya-fayaina suka tsira, iyalina ba su koma Morrisania ba, Hajiya ta ci gaba da amsa gaisuwata tana kallon bango, sai dai yanzu kafaɗunta na rawa don dariya. Amma in gaya maka gaskiya, da a ce Malam ya samu aljanin, da abin ya fi mini sauƙi. Mai aljanu tausayinsa ake ji. Ni kuwa an yanke hukunci a gaban shaidu cewa abin da na fi ƙauna a duniya ko iska ba ta iya jurewa. Kafin Juma'a labari ya zaga, ina shiga masallaci na ji wani daga sahun baya yana cewa, "A matsa a ba Mai Akuya wuri." Sunan ya bi ni har yau.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na sayi abin sawa a kunne, kuma ina sauraro ido buɗe, ƙofa a kulle. In ka ga surukarka ta fara turara maka ɗaki, kada ka yi alfahari, ka aika a tambaya. Shi kuwa Malam Isufu, har gobe ina ganin kuskurena ne ya sa bai fahimta ba. Da Mai Kogi ya kamata in fara masa.