Keken Baƙo da Babbar Rigata

Wautar da na tafka bara a tashar Kankia, ko na so in manta, 'yan majalisarmu ba za su bari ba.

Wani baƙo ne ya sauka wurin mai shayi, matashi daga Maraɗi, wai yawon ganin garuruwa yake a kan keke. Ya ɗaure jakunkuna gaba da baya kamar jakin fatake. Yana kurɓar shayi yana yabon garinmu: ga inuwar bedi, ga fura mai kyau, kasuwa da masallaci duk ƙafa na kai ka, kuma ba direban da ya cika masa kunne da hon. Ya ce gobe Kusada zai leƙa.

Nan fa bakina ya ja mini. Shekara da shekaru ina cika baki a majalisa cewa a zamanina Kusada nake zuwa a keke in dawo shayi bai huce ba (zuwa dai na je, batun shayin ku bar shi). Na ce, "Yaro, kawo in nuna maka hawan mutanen da."

"Baba, akwai kaya a baya fa," in ji shi.

"Mu da muka ɗauko buhun gero? Balle 'yan tsummokaranka!"

Kun san hawanmu na da: ƙafar hagu a feda, ka tura, ka tura, sannan ka wurga ta dama ta baya. Na tattare babbar riga, na tura, na wurga. Ƙafa ta ci karo da jaka, ta maƙale. Sarƙa kuma ta cafke riga. Keke ya yi gaba da ni, ƙafa ɗaya a sama, har gaban masu nono, inda muka zube tare. Hulata ta faɗa cikin ƙwarya.

Kafin in ce wayyo an taru. Wannan ya ɗaga ni, wancan ya kakkaɓe ni, Bafulatanar ta tsamo hula tana ɗiga ta miƙo. "Sannu Baffa," ta ce, tana danne dariya da gefen mayafi.

Baƙon ɗan kirki ne. Ya ce abin da ya ƙara masa son garin ke nan, mutum bai gama faɗuwa ba an tashe shi. Ni kuwa na gane bajintar ƙuruciya ta fi lafiya a kan benci.

Sai ga Malam Idi, abokin wasana. Ya dubi hulata, ya dube ni, ya ce, "To Alhaji, Kusadar nan, dama jan keken kake yi har can?"