Na'urar da Aka Yanke wa Ƙyalle

Ranar Talata na raka maƙwabcina Malam Tukur wata cibiyar rajistar manoma a Ajingi, don ya shiga jerin masu samun takin tallafi. Ran Alhamis za a rufe, ga geronsa ya kai gwiwa, ganyen ya fara rawaya.

Muhsina, ma'aikaciyar da ke kan tebur, ta buga sunansa. Allon kwamfutarta ya ce sai mai hekta biyu, shi kuwa ɗaya gare shi.

"'Yar nan, ai an ce an rage zuwa ɗaya," in ji Tukur.

"An rage, Baba. Koma layi ka sake gwadawa."

Na tambaye ta abin da komawa layi zai canza. Ta ce rajistar tana kan manyan na'urori uku da ke aiki tare, duk sunan da aka buga yana faɗawa kan wadda ba ta da cunkoso. In an sauya ƙa'ida, ana tura wa ukun lokaci guda suna cikin aiki, abin minti biyar ne. Amma Mai Girma Uban Tafiya, jagoran shirin, ya ce ba a yi wa talaka alheri a ɓoye, shi zai danna da hannunsa. Aka kafa rumfa, aka kira masu hoto, ya yanke ƙyalle, ya danna. Na'ura ɗaya aka ɗaura wa ƙyallen. Sauran biyun suna nan kan tsohuwar ƙa'ida, suna jiran nasu bikin.

Dole a yaba. Da can sai ka san wani kafin ka ga taki. Yanzu ko surukin mai girma ne kai, sa'arka ɗaya ce cikin uku.

Tukur ya bi layi sau huɗu kafin ya dace, aka ba shi takarda. Washegari ya kai ta sito don karɓar taki, mai sito ya buga lambar, ta faɗa kan na'ura mai tsohuwar ƙa'ida.

"Malam, ba ka cancanta ba."

"Jiya gonar ta isa, yau ta ƙanƙance? Wa yake yankar min ita?"

Ya sake bin layin sito, bai zagayo kansa ba har aka rufe. Ya koma ƙauyenmu Toranke hannu Rabbana.

An sa bikin na'ura ta biyu bayan girbi. Tukur ya samu katin gayyata, tunda sunansa yana cikin waɗanda suka amfana. An ce ya shirya jawabin godiya, kada ya wuce minti biyu.