Mudir Yana Ijtima

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga gaban malaman jami'a a Riyad da butar gahawa a hannu ba. Abu uku na ɗora a kan wannan rana: gurbi ɗaya a jami'a, iƙamar ɗalibi, wato takardar izinin zama, da za ta raba ni da kafilina, ubangidan da izinin zamana ke hannunsa, da kuma bakina da na riga na buɗe a duk unguwarmu ta Manfuha cewa na kusa zama mudir.

Lokacin ne kuɗin mai ya ɓalle, ko'ina gini ake yi, kowane sabon ofis yana neman mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuwa dillancinta nake yi. Larabcina na kasuwar Batha ne, ya ishe ni ciniki amma bai ishe ni wuce ƙofa ba. Duk ofishin da na je, sai mai tsaron ƙofa ya ɗaga mini hannu ya ce, "Mudir fi ijtima." Wai shugaba yana taro. In dawo gobe, yana taro. Jibi ma yana taro. Har na gane cewa a garin nan mutane kashi biyu ne: masu ijtima, da masu jiran a gama ijtima a rana.

Ana haka na shiga wata ƙaramar kwaleji ta yamma, wadda in ka gama ake miƙa ka jami'a. Da na duba fannonin da ake zaɓa, sai idona ya faɗa kan Ilmul Ijtima. Na ce Allahu Akbar, ashe abin har karatunsa ake yi! Nan take na zaɓa.

Darasin ya faɗo ranar Alhamis, ranar da kasuwa ta fi ci, don haka ajin bai san fuskata ba. Abokin ɗakina Malam Sidi, wani ɗalibi ɗan Maraɗi, shi ke zuwa. In jarrabawa ta matso sai in karɓi abin da ya rubuta in haddace tsaf kamar aku, in je in juye, in ci. (Kada a tambaye ni me na haddace. Larabcin littafi ne, ban san inda ya dosa ba.)

Bawan Allah ya yi ƙoƙarin ceto na. Da safen ranar ganawa da malaman jami'a ya gan ni ina cika buta, ya ce, "Alhaji, wai ka san me fannin nan ke nufi kuwa?"

Na ce, "Malam, kai ka san shi a takarda, ni na san shi a ƙofa. Riƙe nahawunka."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya koma ya ja carbinsa. Har yau ina jin haushin saurin da ya yi wajen haƙura.

Malamai uku na tarar. Na tsakiya wani dakta ne Bamisire mai tabarau, sai wani Basudane a gefe, da wani dattijo ɗan ƙasa. Bamisiren ya ce in faɗa musu abin da na fahimta da Ilmul Ijtima, da dalilin da ya sa nake son ci gaba da shi.

Na gyara tsayuwa na fara. Na ce ijtima na gari daga wurin zama yake farawa: babba nesa da ƙofa, kusa da mukayyif. Na ce ba a ambaton farashi kafin finjali na uku. Na ce in an tambaye ka abin da ba ka so, ka ce "bukra insha Allah", wato sai gobe, ka kalli agogo. Da na ga sun yi tsit, sai na ɗauka magana ce ta ratsa su. Na buɗe buta, na zuba wa dattijon da hannun hagu, na miƙa da dama, yadda ake yi. Ya karɓa kuwa, ya sha.

Sai Bamisiren ya cire tabarau ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Basudanen ya dube ni, ya yi magana da Hausa tsantsa (ashe kakanninsa daga wajenmu suka tafi). Ya ce, "Ɗan'uwa, ba taron ofis ake nufi ba. Nazarin zaman jama'a ne: iyali, ƙauye, birni, yadda mutane ke cuɗanya. Wa ya rubuta maka jarrabawa?"

Na ce, "Wallahi ni na rubuta."

Ya ce, "To wannan ya fi muni."

Ƙasa ta ƙi tsagewa. Na tsaya da buta a hannu kamar mai shayin da aka kora daga biki. Dattijon ya girgiza finjalinsa, alamar ya ƙoshi, ni ma na gane an sallame ni.

Kafin in kai Manfuha labari ya riga ni. Ko'ina na gifta sai in ji, "Ranka ya daɗe mudir, an tashi daga ijtima?"

Ga abin da ya rage da na tankaɗe na rairaye. Gurbi ya tafi. Kafili yana nan daram, har na ƙara shekaru a hannunsa. Suna kuwa ya bi ni har Kano. Ribar ita ce Basudanen nan ya neme ni daga baya na saka masa mukayyif a gida, ya haɗa ni da maƙwabtansa. Na kuma koyi cewa kalmar da ka tsinta a bakin ƙofa, kada ka shiga da ita ɗaki sai ka tambayi mai ita. Yanzu in ɗalibai sun zo shagona neman shawarar fannin da za su karanta, sai in sa a ce musu ina ijtima.