Rasuwar Bokitin da Ya Shayar da Nupuri Gonta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya fara zuba, da kuma ɓacin ran da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Kumagai Tsuruyo, mai bargar dawaki ta ƙarshen hanyar kogi, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk gidan da takardar unguwa za ta zaga ta iso, rasuwar bokitina na ƙarfe. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata ta makon jiya, a sabon ɗakin tarihi na gari, yana da shekara talatin da ɗaya. Da lissafin dawaki na ƙirga masa, wato duk ɗaya ga Janairu a ƙara masa shekara kamar kowane dokin sukuwa a ƙasar nan. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, kuma sunayen masu laifin suna ƙasa.

Tun da a nan Hidaka ba a ganin girman kowa sai an ji asalinsa, ga asalin marigayi. Ubansa shi ne tsoho Monma, maƙerin kwano na Tomakomai, mutumin da bai taɓa ƙera abin da ya yi yoyo ba. Uwarsa fallen kwanon rufi ce ta rumfar shanya kifi, wadda iskar teku ta yi shekara ashirin tana duka ba ta ɗaga ta ba. Ta wajen uwa ya gado juriya. Yana da 'yan uwa biyu ciki ɗaya, mazurari da abin kwashe shara, amma su ba su yi suna ba.

Shekararsa uku a gidana yana aikin da kowane bokiti ke yi, sai goɗiyarmu Nupuri Hime ta haihu. Kwana uku ta mutu, ta bar mana ɗan duƙushi mai ƙafafu kamar tsinken cin shinkafa. Muka kawo masa goɗiya mai shayarwa, ta harbe shi. Muka ba shi kwalba, ya tofar. Marigayi mijina ya tsaya a bakin barga ya ce, “Tsuru, ƙyale shi, wannan ba mai zama ba ne.” Na ce masa ya je ya dafa wa kansa shayi. Na zuba madara mai ɗumi a bokitin, na nutsa hannuna ciki, na bar yatsa ɗaya a tsaye. Ɗan duƙushin ya laluba, ya kama yatsan, ya tsotsa, madarar ta bi. A haka ya rayu.

Yau ku buɗe littafin asalin dawaki ku duba sunan ɗan duƙushin nan, Nupuri Gonta. Za ku ga uba, ingarman nan da aka kawo daga Ailan a jirgin sama, wanda sunansa ya fi ƙarfin bakina muke ce masa Bature. Za ku ga uwa. Za ku ga kakanni har hawa biyar, kowanne da launinsa da shekarar haihuwarsa. To Bature minti nawa ya yi a kan aikin? Hime kwana uku ta yi. Bokiti wata biyar ya yi yana shayarwa duk bayan awa biyu, amma ba shi da layi ko ɗaya a littafin. Ban yi nisa a makaranta ba, amma na san uwa in na gan ta.

Ranar da Gonta zai tafi wurin horo na saka bokitin a motar dawaki. Mai horarwa, Yagihashi, ya dawo mini da shi a kwali, da saƙon cewa bargarsa ba bola ba ce. Kwana uku sai ga wayarsa.

“Iya, kin tashi lafiya? Ya sanyi? Wato… bokitin nan.”

“Wane bokiti? Na bola?”

“Iya, don girman iyayenki. Dokin nan ya juya mana baya, bango kawai yake kallo.”

Daga ranar marigayi bokiti bai sake zama a gida ba sai da Gonta ya yi ritaya. Ya je Hakodate, ya je Sapporo, ya je Niigata, ya ga Kyoto da ni ban taɓa gani ba. Gonta ya fita sukuwa sau talatin da ɗaya, ya zo na ɗaya sau bakwai, na biyu sau biyar, har da ranar nan ta ruwan sama da ya taso daga can baya a kwanar ƙarshe, taɓo har ido, ya wuce dawaki goma sha huɗu kamar an kafe su, garin nan ya kwana biyu yana shan giyar shinkafa. Sau ɗaya tak ya zo na ƙarshe, a Nakayama, ranar da aka manta bokitin a barga. Saboda haka a rubuta daidai: marigayi ya fita sau talatin, ya ci bakwai, bai taɓa zuwa na ƙarshe ba. Tarihinsa ya fi na dokin kyau.

Da Gonta ya koma aikin haihuwa an samu 'ya'ya sittin da wani abu, duk kyawawa, duk masu tafiyar kunkuru. Masana suka yi ta rubutu a jarida wai jinin Bature ne ya tsinke. Ba wanda ya tambaye ni. Nonon uwa suka sha, shi ke nan.

Marigayi ba mai yawan magana ba ne. In na ɗaga shi da safe marikinsa ya ce ƙiii, Gonta ya amsa daga ƙarshen barga. In na dire shi a siminti ya ce kwam. In abinci ya ƙare Gonta ya taɓa shi da kofato ya ce ƙwal-ƙwal, wato a ƙaro. Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan a shekara talatin da ɗaya. Bai taɓa gulmar kowa ba, kuma bai taɓa shiga kwamiti ba.

Ga yadda ajali ya same shi. Ina asibiti an yi mini aikin gwiwa, kwamitin tarihin gari suka zo gidana neman kayan Gonta da za su jera a sabon ɗakinsu. Ɗana Tatsuo, wanda shi ma ɗan kwamitin ne don ya kasa cewa a'a ko ga kare, ya cire bokitin daga ƙugiyarsa ya miƙa musu da hannu biyu. Da na dawo ranar Laraba na tarar da Gonta yana kallon bango, ga wani bokitin roba shuɗi a gabansa cike da dusa ta yi sanyi.

“Ina yake?”

“Inna, aro ne kawai, na sati biyu. Ki zauna tukuna, gwiwarki…”

“Gwiwata ce ta ba su? Ɗauko mota.”

Na same shi a cikin akwatin gilashi, an kunna masa fitila. An wanke shi da sabulu. A gabansa ga 'yar takarda da rubutun Hasebe Mitsue, magatakardar kwamiti, mai kyan rubutun nan da ake yabo: “Bokiti. Ƙarfe. Irin wanda manoman da ke amfani da shi.” Manoman da! Ina tsaye da sandata, ina numfashi. Na sa aka buɗe gilashin, na kama mariki na ɗaga. Bai ce ƙiii ba, sun zuba masa mai. Kuma bai ɗagu ba.

Shugaban kwamiti, Inomata Shigeo, wanda muke ce wa Shige, ya rusuna har ina ganin sanƙonsa. “Kumagai-san, ƙa'ida ce. Duk abin da aka ajiye a ɗakin nan sai an ɗaure shi da teburi saboda girgizar ƙasa. Kada ya faɗo ya lotse.”

“Ya lotse? Shige, ni na share maka majina a bikin haikali kana ɗan shekara biyar, dube ni da kyau. Girgizar ƙasa nawa bokitin nan ya gani? In ya faɗi, ɗaga shi ake yi. Doki mai kilo ɗari biyar ya yi shekara ashirin da takwas yana harbinsa!”

“Kumagai-san, an yi zama uku a kan maganar. Akwai takarda.”

Kuroiwa kafinta shi ya yi aikin, yana ta alfahari. Huda huɗu a gindi, da notuna masu kaurin yatsa, irin na gada. Ya ce, “Iya, ko ginin nan ya rushe, bokitinki na nan daram.” Na sa ya kwance su a gabana ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga marigayi na leƙa, na hango fuskar Shige ta gindinsa. A nan na san rai ya yi halinsa.

Wanda bai san doki ba zai ce tsohuwa ta samu abin surutu. To ku ji. Gonta shekararsa ashirin da takwas, haƙoran kirki uku suka rage masa. Ba ya iya tauna ciyawa. Abincinsa dusa ce da ruwan ɗumi da gurzajjen karas da tuffa, a dama ta yi ruwa-ruwa, kuma tun da ya zo duniya bai taɓa sa baki a wani mazubi ba. Yanzu in na zuba sai marigayi ya ce tsrrr ta wuri huɗu, maganar da bai taɓa yi ba yana da rai. Na toshe da murfin kwalba, Gonta ya sansana ya juya. Na toshe da kakin kyandir, ya juya. Na cusa dafaffiyar shinkafa, ta narke. Mai walda ya duba ya ce ƙarfen ya yi siriri, wuta na taɓa shi zai zama rariya. Kwamiti kuwa sun aiko da kwalin alewar wake, da wasiƙar ban haƙuri mai hatimi huɗu, da sababbin bokitai uku, ɗaya har da hoton Gonta a jiki. Alewar na ci. Likitan dabbobi ya zo Larabar wannan makon ya ƙirga haƙarƙarin dokin da ido, ya ce in aka ƙara sati a haka, in fara shiri.

Jiya da safe haushi ya sa na zuba dusar duk da haka, na cusa yatsana ta ƙasa cikin huda ɗaya, sauran ukun suna ta zuba a kan takalmina. Sai na ji numfashi a wuyana. Gonta ya sa kai cikin bokitin, ya laluba, ya sami yatsan, ya kama shi da leɓe kamar yadda ya yi yana ɗan kwana uku. Ya sha. Ya yi ta sha har abin ya tsiyaye ya bar shi da ƙarfe, sannan ya ɗaga kofato ya taɓa. Ban san gawa na iya cewa ƙwal-ƙwal ba. Na zauna a kan ciyawa na daɗe ban tashi ba.

Yatsuna sun tanƙware da tsufa, guda ɗaya ne ke miƙewa, ɗaya hannun kuma na sanda ne. Huda huɗu ce. Na ƙirga hatimin da ke kan wasiƙar, su ma huɗu ne.

Marigayi ya bar ɗa ɗaya, Nupuri Gonta, da jikoki sittin da wani abu marasa sauri, da abokin zamansa ludayin damu, da ƙugiyar bango, da ni.

Za a yi addu'a ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe a bargata. Malamin haikalinmu zai yi karatu. Da farko ya so ya noƙe, na tuna masa cewa duk shekara yana yi wa karyayyun allurai da tsofaffin 'yan tsana addu'a, kuma ba allurar da ta taɓa cin sukuwa. A zo da baƙaƙen kaya da turare. Ba na son ambulan na kuɗin gaisuwa, mai niyya ya kawo karas. Duk wanda ya shigo mini da sabon bokiti zai koma da shi a kansa.

Binnewa kuwa an ɗage ta. Na haƙa wa marigayi wuri a zuciyata, amma raminsa na gaske yana bayan barga, gindin dutsen tunawa da dawaki, kuma ba zai shiga shi kaɗai ba. Ranar da Gonta ya kwanta, tare za su tafi, a rubuta sunayen biyu a dutse ɗaya, na bokiti a layin uwa. Hasebe ce za ta rubuta, tun da tana da kyan rubutu. Ranar ta yi kusa ko ta yi nisa, wannan yana hannun mutum huɗu.

Saboda haka, Inomata Shigeo, Hasebe Mitsue, Kuroiwa kafinta, da Kumagai Tatsuo da na haifa da cikina: daga gobe, ƙarfe biyar na safe da ƙarfe huɗu na yamma, kowa ya zo ya durƙusa ƙarƙashin gawa ya kama hudarsa. Ba wakilci, ba zama, ba takarda. Ni zan zuba, ku ku toshe. Yana ɗan cizo, amma ba ya cirewa. Shige, taka ce ta gaba, wadda yake fara lalubawa.

Kowane gida ya karanta ya buga hatiminsa ya miƙa gaba. Ku huɗun nan kuma ku yanke farce, ku wanke hannu, ban da sabulu.